Yadda ake gashin dankali da ƙyafaffen kifin salmon irin na mutanen Suwidin

Mata uku na koya wa wannan girki a kicin ɗina, kuma duk su ukun abu guda suka fara yi da na miƙa musu ledar kifin: suka ɗora ruwan zafi. Ban ga laifinsu ba. Wadda ta tashi tana ganin ana jiƙa banda a tafasasshen ruwa, a wanke yashi, a cire ƙaya, a zuba a miya ta yi ta ɓararraka, da ta ji an ce kifi ya sha hayaƙi can hannunta zai nufa. Ni ma abin da na yi ke nan a shekarata ta farko a Suwidin. Na wanke shi da ruwan zafi, na soya da albasa, na marmasa magi biyu, na ƙara gishiri. Kifin da ya fito daga leda jajir yana sheƙi ya koɗe, ya bushe, ya dagargaje a kasko, wani farin abu ya fito masa kamar kumfa. Babu wanda ya iya kai loma ta uku saboda gishiri. Har yau idan na tuna kuɗin da na zubar a ranar sai na ji ba daɗi.

To uwargida, kafin ki taɓa tukunya ki san abin da ke hannunki. Wannan kifin ba banda ba ne. Banda wuta ce ta gasa shi har ya bushe ƙamas don ya jure ajiya da tafiya. Shi kuwa salmon ɗin da ake sayarwa a yanke fale-fale cikin leda, gishiri ake fara cusa masa, sannan a turara shi da hayaƙi marar zafi, wanda bai wuce digiri 30 ba. Ƙamshin hayaƙi ya shige shi, amma wuta ba ta dafa shi ba. Shi ya sa yake da laushi da santsi, shi ya sa kuma zafi kaɗan ya ishe shi. A shagunan Suwidin za ki ga an rubuta kallrökt lax a jikin ledar, shi za ki ɗauka. Akwai varmrökt lax, wanda aka ƙyafe da zafi har ya dahu, yana zuwa a dunƙule yana ɓarewa sala-sala. Yana da nasa amfanin, zan zo kansa. Akwai kuma gravad lax, wanda bai ga hayaƙi ba sam, gishiri da sukari da ganyen dil kawai aka yi masa. Ni ba na sa shi a gashi, zaƙin sukarinsa yana fitowa. Ki kuma karanta bayan leda da kyau, domin wasu, musamman na Sikotilan, ana jiƙa su da giya kafin a ƙyafe, kuma suna rubutawa a jiki.

Abincin da za mu yi sunansa laxpudding. Lax shi ne salmon a harshensu. Abincin gida ne na yau da kullum a wurinsu, irin wanda ake samu a gidajen cin abinci da rana. Asalinsa da kifi mai gishiri zalla ake yi, amma gidaje da yawa da ƙyafaffen suke yi, kuma ni shi na fi so. Dankali ne da kifi da albasa ake jerawa hawa-hawa, a kwarara ruwan ƙwai da madara, a gasa.

Na mutum huɗu zuwa biyar, ki tanadi dankalin Turawa kilo 1, kifi giram 350, albasa biyu matsakaita, ƙwai 4, madara mililita 300, kirim ɗin girki mililita 200, bota wajen giram 100, farin masoro, da dami guda na ganyen dil. Dil wani ganye ne siriri kamar gashi, mai ƙamshi, mutanen arewacin Turai ba sa raba shi da kifi. Idan babu shi a inda kike, lawashi ɗanye ya wadatar. Ɗanɗanon zai bambanta amma ba zai ɓaci ba. Idan babu kirim, madarar ruwa ta gwangwani marar sukari tana maye gurbinsa sarai.

Maganar kuɗi: kifin nan ba shi da araha ko a nan maƙwabtan Norwe, ƙasar da ta fi kowace kiwon salmon a duniya, balle a manyan kantunan Abuja ko Legas inda sai an yo odarsa. Kada ki sayi mai kyawun yanka, wanda aka jera shi kamar hoto. Wancan na ɗorawa a kan burodi ne. Ki nemi ledar guntattaki, ragowar gefe-gefe da ake tattarawa bayan an yanke masu kyau. Kifi ɗaya ne, farashi ya fi sauƙi, kuma a ƙarƙashin dankali babu mai ganin siffarsa.

Dankali tun jiya ake dafa shi. Wannan doka ce a kicin ɗina. Ki zaɓi mai ƙarfin jiki, wanda ba ya farfashewa idan ya dahu. A nan ana rubuta fast a jikin buhun, a Ingila kuma irin su Charlotte. Ki guji King Edward, na tuƙawa ne, garinsa ya yi yawa. Ki dafa shi da ɓawonsa, minti 15 zuwa 20 gwargwadon girmansa, har wuƙa ta shiga amma ki ji ɗan tauri a tsakiya. Ki tsiyaye, ki bar shi ya huce, ki sa a firiji ya kwana. Dankalin da ya kwana a sanyi jikinsa yana ɗaurewa, sai ki ga wuƙa tana fitar da shi zagaye-zagaye ba tare da ya karye ba. Mai zafi kuwa manne wa wuƙa yake yi yana caɓewa. Na san akwai masu jera ɗanyen dankali kai tsaye, har a cikin 'yan ƙasar. Na gwada. Kafin dankalin ya nuna, kifin ya gaji da wuta, ga ruwan da ɗanyen dankali ke saki ya taru a ƙasan kwano. Idan sauri kike yi, ki dafa da safe ki yi gashin da yamma, amma kada ki gaza haka.

Ki ɓare, ki yanka kaurin rabin santimita. Albasa kuma ki yanka siriri, ki soya a ɗan bota da wuta ƙasa-ƙasa har ta yi laushi ta yi zaƙi, kada ta yi ja. Ki sauke ta huce.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni, domin a nan ne girkin yake lalacewa: gishiri da zafi.

Ki juya ledar kifin ki duba. Yawanci za ki ga gishirin da ke ciki ya kai wajen giram 3 a kowane giram 100. Ke nan a cikin giram 350 ɗin nan naki akwai gishiri kusan giram 10, ya tasam ma cokalin shayi biyu. Kin riga kin zuba gishirin girkinki tun a kanti. A cikin obin wannan gishirin zai fito daga kifin ya shiga madara, ya ratsa dankali. Abin da ya sa dankalin yake nan ke nan, shi ne mai shanye shi. Don haka babu magi, babu kori, babu tayim, babu gishiri a ruwan ƙwai. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi. Na ga wadda ta jira na juya baya ta marmasa rabin dunƙule, don a ganinta abinci ba ya yiwuwa haka salam, kuma da aka zo ci ita ta fara ajiye cokali. Idan kina shakka, ki gutsuri kifin ki ɗanɗana. Idan kika ji gishirinsa bai kai ba, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka ya isa. Idan kuma kika ji ya yi yawa ƙwarai, ki jiƙa shi a madara mai sanyi na rabin awa, ki zubar da madarar, ki tsane shi da takardar kicin. Madara mai sanyi na ce, ba ruwan zafi ba.

Ki shafe kwanon gashi da bota, na tangaran ko na gilashi mai ɗan zurfi. Ki shimfiɗa kashi ɗaya cikin uku na dankalin, kowane yanki ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Ki barbaɗa rabin albasa, ki shimfiɗa rabin kifin, ki watsa dil da yawa, kada ki yi masa rowa. Ki sake dankali, albasa, kifi, dil. Ki rufe da sauran dankalin. Hawan ƙarshe dole dankali ne, kuma ki duba gefe-gefe kada wani ɗan kifi ya leƙo. Duk wanda ya leƙo wuta za ta same shi kai tsaye, ya ƙandare, ya zama tsinken gishiri. Dankalin sama shi ne bargon kifin. Ki sa tafin hannu ki ɗan danna jeren ya zauna.

Ki fasa ƙwai huɗun, ki zuba madara da kirim da masoro, ki kaɗa da cokali mai yatsu har su haɗe, ba sai ya yi kumfa ba. Ƙwai ɗaya ga kowane mililita 125 na madara da kirim a haɗe, wannan ne ma'aunin da nake riƙewa idan zan ƙara ko zan rage. Ki kwarara a hankali ta gefen kwano, ki jira ya gangara, ki ƙara. Ya kamata ya tsaya dab da hawan sama, kina hango shi ta tsakanin dankalin amma bai nutsar da shi ba. Ki bar kwanon ya zauna minti 10 kafin ya shiga wuta, za ki ga ruwan ya ɗan sauka, ya cike ramukan da ke ciki. Ki ɗiga 'yan gutsattsarin bota a sama.

Obin digiri 175, a tsakiya. Idan mai fanka ne, 160. Za ki ga wasu sun ce 200 ko ma fiye don a gama da wuri, ni dai ban yarda ba. Ƙwai da madara ba sa son tafasa. Muddin suka tafasa sai ƙwan ya ƙulle ya matse ruwan da ya riƙe, ki yanka ki ga guda-guda suna iyo a wani tsinkakken ruwa kamar nonon da ya tsinke. Wannan ya same ni a karo na biyu, bayan na gyara maganar gishiri: baƙi suna hanya, na murɗa wuta don in cim musu, saman ya yi kyau har da ƙyalli, amma da na sa cokali sai ruwa ya biyo shi. Ba shi da gyara idan ya kai nan. Idan kika leƙa kika ga gefen kwanon yana ɓulɓulowa da ƙarfi, wutarki ta yi yawa, ki rage nan take. Abin da ake so shi ne ki ga yana ɗan motsi a hankali, saman yana yin ruwan zuma sannu-sannu. Idan saman ya riga cikin, ki yafa masa takardar foyil.

Daga minti 40 ki fara dubawa, yawanci yana kai 45 zuwa 50. Ki soka wuƙa a tsakiya ki ɗan buɗa. Idan farar madara ta taso, da saura. Idan wuƙar ta fito da ɗan danshi kawai, kuma da kika girgiza kwanon tsakiyar ta yi rawa kaɗan kamar alala, ki fitar. Mai juna biyu, da tsofaffi, da marar lafiya, kada su ɗanɗani kifin nan ɗanye daga leda, saboda ƙwayar cutar listeriya tana iya rayuwa a cikinsa ko a firiji. Amma idan ya gasu har tsakiyarsa tana tururi, zafi ya kashe ta.

Wadda ba ta da obin ta turara shi kamar yadda take turara alala: kwano a rufe da foyil, a cikin babbar tukunya mai ruwa kaɗan a ƙasa, wuta a hankali. Saman ba zai yi ja ba, amma cikin har ya fi na obin laushi.

Ki bar shi ya huta minti 15 kafin ki yanka, in ba haka ba zai zube. A wannan lokacin ki narkar da sauran botar a ƙaramar wuta, ki kwashe kumfar sama, ki tsiyaye tataccen man ki bar farin da ya kwanta a ƙasa. Suna kiransa skirat smör, kuma ba sa kawo wannan abinci teburi ba tare da shi ba. Ranar da na fara gani na ce ai man shanu ne. Idan kina da na gida kina iya sawa, sai dai wanda ba a soya da albasa ba, kuma kaɗan, don ƙamshinsa yana danne na kifin. Cokali ɗaya a kan kowane yanka, sabon dil a sama, yankan lemon tsami a gefe. Mai son yaji ya barbaɗa a farantinsa, kada a sa a kwanon kowa. Koren wake ko yankakken kokwamba sun isa rakiya.

Idan varmrökt lax kika samu, kada ki wahalar da shi da gashi, ya riga ya dahu. Ki dafa ƙananan dankali, ki raba su biyu da zafinsu, ki juya da bota da lemon tsami da lawashi, ki ɓarɓare kifin a kai bayan kin sauke. Ragowar laxpudding kuma yana kwana biyu a firiji a rufe. Ki yanka shi da sanyinsa, ki ɗumama a kasko da ɗan bota, wuta ƙasa, murfi a kai, har ƙasan ya yi ɓawo.