Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sabunta Takardar Magani a Wurin Likitan Unguwa a Ingila

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya saba da cewa idan maganinsa na hawan jini ya ƙare, sai ya ɗauki fankon kwalin ya nufi kemis, ya nuna, ya biya, a miƙo masa. A Ingila ba haka abin yake ba. Magunguna irin su amlodipine na hawan jini da metformin na ciwon suga ba sa fita daga kantin magani sai da takardar likita, kuma ga mai ciwon da ba ya rabuwa da magani, wannan takarda tana fitowa ne daga asibitin likitan unguwa da ya yi rajista da shi, wanda kowa ke kira GP. Likitan yana sanya magungunan a jerin waɗanda za a riƙa sabuntawa ba tare da an sake ganinsa kowane wata ba. Sauƙi ne babba, amma yawancin wahalar da mutanenmu ke sha a kai tana faruwa ne saboda suna zaton sabuntawar tana tafiya da kanta, alhali buƙata ce da sai an shigar da ita, ta bi ta hannun ma'aikacin karɓar baƙi, ta je ga likita ya sa hannu, sannan ta isa kantin magani a haɗa.

Kuskure mafi yawa shi ne jira sai ƙwaya ta ƙarshe. Mutum zai ɓalle katin maganinsa ranar Juma'a da yamma ya ga saura ƙwaya biyu, ya shiga waya ya aika buƙata, ya wayi gari Asabar ya tsaya gaban kanta, mai harhaɗa magani ya duba kwamfuta ya ce masa babu abin da ya iso. Ba laifin kowa ba ne. Yawancin asibitocin unguwa suna neman aƙalla kwana biyu na aiki kafin likita ya sa hannu, Asabar da Lahadi kuwa ba sa cikin lissafi, sannan shi kansa kantin yana iya buƙatar ƙarin kwana idan sai ya yi odar maganin. Gyaran shi ne a shigar da buƙata tun saura na mako guda ko kwana goma, a kuma ƙara lokaci idan Kirsimeti ko Ista sun gabato, domin ranakun 25 da 26 ga Disamba da Juma'ar Ista da Litinin ɗinta asibitocin unguwa a rufe suke. Sai dai kada a zarce makaɗi da rawa, domin wanda ya nemi sabon magani alhali bai yi mako biyu da karɓar na wata guda ba, za a iya dawo masa da buƙatar a ce ya yi wuri, sai in ya rubuta dalili.

Idan kuma an riga an makara, kuskure na biyu shi ne a haƙura da maganin har Litinin, ko a ari na wani ɗan'uwa mai irin ciwon. Insulin da maganin farfaɗiya da maganin hana daskarewar jini ba a yi musu hutu. A irin wannan hali ana kiran lambar 111, layin neman shawarar gaggawa na hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ko a shiga shafinta na intanet, a nan ne za a tura mutum wani kantin magani da zai ba shi abin da zai riƙe shi kafin takardarsa ta fito. Yana da kyau a tafi da tsohon kwalin, domin a jikin lambar da aka manna masa akwai sunan mai shi da sunan maganin da ƙarfinsa.

Akwai kuma batun hanyar da ake bi. Da yawa daga cikin asibitocin unguwa ba sa karɓar buƙatar magani ta wayar tarho, kuma dalilinsu mai ƙarfi ne: sunayen magunguna suna kama da juna, kunne kuma yana kuskure, balle idan an haɗa da bambancin harshe. Hanyoyin da aka yarda da su su ne manhajar NHS App, ko shafin asibitin, ko farar takardar nan da ke zuwa tare da magani mai ɗauke da jerin sunaye, wadda ake sa wa alama a jefa a akwatin da ke bakin ƙofar asibiti. Wanda ke kula da mahaifiya ko mahaifin da ba ya iya amfani da waya bai kamata ya riƙa shiga da lambar sirrinsu ba. Ya nemi asibitin ya ba shi izinin wakilci a hukumance, sai ya riƙa yi musu oda daga nasa asusun.

Takardar da likita ya sa wa hannu ba ta biyo mutum a hannu kamar da. Yanzu tana tafiya ne ta kwamfuta kai tsaye zuwa kantin da mutum ya zaɓa tun farko, kuma a nan ne waɗanda suka sauya gida suke tuntuɓe. Mutum ya tashi daga unguwar Peckham a Landan ya koma wata unguwa, ya manta bai sauya kantin da ya zaɓa ba, sai maganinsa ya yi ta jiransa a tsohuwar unguwa. Sauyawar ba ta ɗaukar minti biyar a cikin manhajar, ko kuma a gaya wa sabon kantin su yi.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai, a ganina, shi ne ranar da buƙata ta dawo da saƙon cewa ba za a sabunta ba sai an zo bita. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci ko rowa, alhali a jikin farar takardar akwai ranar bita da aka rubuta tun tuni, kuma galibi sau ɗaya ne a shekara. Dalilin bitar ba ɓoyayye ba ne. Mai shan ramipril na hawan jini sai an riƙa duba ƙodarsa da gwajin jini, mai shan methotrexate na ciwon gaɓoɓi sai an riƙa duba jininsa da hantarsa a kai a kai, mai shan warfarin na hana daskarewar jini kuwa da sakamakon gwaji ake daidaita masa adadin da zai sha. Likitan da ya ci gaba da sa hannu ba tare da ganin waɗannan sakamako ba yana yi wa majinyacinsa illa ne. Saƙon gayyata yakan zo ta tes, kuma wanda ya share shi sau biyu ko uku zai iya tarar da an rage masa maganin daga na wata biyu zuwa na mako biyu har sai ya zo. A wurin bitar ne ya kamata a faɗi komai, har da jiƙo ko garin magani da aka aiko daga gida, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wasu itatuwan suna karo da maganin asibiti. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da damar neman tafinta kyauta, muddin ya faɗa tun lokacin da yake neman ganin likita.

Wani wurin da ake yin tuntuɓe shi ne bayan an kwanta a babban asibiti. Likitocin can sukan ƙara magani ko su rage ko su dakatar da wani, su aika wasiƙa zuwa ga likitan unguwa, amma kafin a gyara jerin yakan ɗauki kwanaki. Wanda ya yi oda a wannan tsakani zai iya karɓar tsohon adadi ya haɗa da sabo ya sha. Maganin wannan shi ne a ɗauki takardar sallama a gwada ta da jerin da ke cikin manhaja layi bayan layi, in an ga saɓani a kai wa mai harhaɗa magani kafin a haɗiye komai.

Sai batun kuɗi, inda kuskure ke zuwa ta fuska biyu. A Sikotilan da Wels da Arewacin Ailan magani kyauta ne, amma a Ingila ana biyan kowane magani ɗaya fam 9.90, farashin da aka sa a watan Mayun 2024. Mai magani uku a kowane wata zai kashe fam 356.40 a shekara idan yana biya ɗaya bayan ɗaya, alhali akwai takardar biyan kuɗi a dunƙule ta wata goma sha biyu a kan fam 114.50, ko ta wata uku a kan fam 32.05, wadda ke ɗauke nauyin duk maganin da aka rubuta a cikin wa'adinta. Mutane da yawa sun shekara suna asara saboda babu wanda ya gaya musu. Ɗaya fuskar ta fi zafi, wato mutum ya sa alama a kantin magani cewa yana cikin waɗanda aka yafe wa biya alhali bai cancanta ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 16, da masu shekara 60 zuwa sama, ba sa biya. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai farfaɗiya, da mai ciwon daji, su ma ba sa biya, amma sai sun mallaki takardar shaida wadda ake cike fom ɗinta a wurin likita, kuma tana ƙarewa bayan shekara biyar. Mai juna biyu ita ma sai da tata takardar, wadda ke aiki har wata goma sha biyu bayan haihuwa. Ciwon kaɗai ba ya isa hujja idan babu takarda. Hawan jini da asma ba sa cikin jerin, haka ma sikila, duk da yadda ta addabi al'ummarmu. Hukumar NHS tana bin diddigi, kuma wanda aka kama zai biya kuɗin maganin da tarar da ta ninka shi sau biyar, har zuwa fam 100. Wanda bai tabbata ba ya biya, ya nemi rasit mai suna FP57 a nan take, domin da shi ne ake dawo da kuɗi idan daga baya ta tabbata ya cancanta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shirin zuwa gida hutu ko aikin Hajji ya sanar da asibitin makonni kafin tashi, ya rubuta ranar tafiya da ta dawowa. Abin da aka saba shi ne likita ba ya ba da fiye da na wata uku, saboda haka wanda zai daɗe fiye da haka sai ya shirya inda zai samu magani a can. Magunguna masu tsananin doka, irin su tramadol da pregabalin, takardarsu kwana 28 kawai take aiki, ba kamar sauran da ke kai wata shida ba, kuma shiga da su Najeriya ko Saudiyya ba tare da wasiƙar likita ba neman fitina ne a filin jirgi. A bar kowane magani a cikin kwalinsa mai suna, a sa shi a jakar hannu. Haka nan wanda zai yi azumin Ramadan yana shan maganin suga ya nemi ganin likita ko nas kafin watan ya kama, maimakon ya sauya lokutan sha da kansa.

Akwai wata ɗabi'a da ba a son faɗa, wato sa alama a kan duk abin da ke jerin ko ana buƙata ko ba a buƙata, wani don tsoron kada a cire maganin, wani kuma don ya tara ya aika wa tsohuwa a gida. Tsallake magani na wata ɗaya ba ya sa a cire shi daga jeri. Aika shi gida kuwa, duk kyawun niyya, ba wa mutum maganin da ba a auna jininsa ko ƙodarsa a kansa ba ne, kuma yana sa likita ya zaci mai takardar yana shan abin da ba ya sha, har ya ƙara masa wani a kai. Maganin da ya riga ya fita daga kanti ba a sake ba wa wani ko da ba a buɗe shi ba, ƙona shi ake yi, shi ya sa ya kamata a buɗe leda a duba tun ana gaban kanta, a mayar da abin da ba a so kafin a fita. Wanda kuma ya riga ya taru a durowa, a kwashe a kai kantin magani su zubar da shi yadda ya dace, ba a bayan gida ko kwandon shara ba.