Babi na 7: Sayen Tikitin Malahi a Hannun Dillali

Da zarar Sallah ta matso ko an rufe makarantu, tallar tikitin malahi, wato wuraren wasa da lilo a Saudiyya, takan cika WhatsApp da Snapchat da TikTok. Wani ya ce yana da tikitin Boulevard World rabin kuɗi, wani ya ce na Shallal iyali duka su shiga a kan kuɗin mutum biyu. Magidancin da ke da 'ya'ya huɗu ko biyar, albashi kuma bai taka kara ya karya ba, dole hankalinsa ya karkata can. Rangwame na gaskiya yana nan, kuma ana samunsa. Sai dai yawancinsa bai kai yadda ake kururutawa ba, kuma inda ya fi girma nan ne aka fi cutar mutane.

Su wa ke sayar da tikiti?

Mai wuri shi ne na farko. Kowane malahi yana da tagar sayar da tikiti a bakin ƙofa, da shafinsa ko manhajarsa. Wuraren Mausim Riyad, bikin nishaɗi na shekara-shekara a birnin Riyad, wanda aka fara a 2019 a ƙarƙashin Hukumar Nishaɗi ta ƙasa, irin su Boulevard City da Boulevard World, ana sayen tikitinsu a manhajar webook. Shallal, da ke Kornish, wato bakin tekun Jidda, tun 2005, yana da tagarsa. Farashin mai wuri shi ne ma'auni, da shi za ka gwada duk wani farashi da aka kawo maka.

Na biyu shi ne wakilin da mai wuri ya yarje wa. Kamfani ne mai rajista, wanda ya ƙulla yarjejeniya da malahin, yana karɓar tikiti da yawa a farashin sari ko a kan kamasho, sannan ya rage wani abu daga ribarsa don ya jawo masu saye. Dalilin da ya sa mai wuri ya amince a fili yake: lilo zai juya ko da mutum 5 ko da mutum 30, wuta da albashin ma'aikata ɗaya ne. Shi ya sa rangwame ya fi samuwa daga Lahadi zuwa Laraba, ya ragu daren Alhamis da Juma'a da Asabar, lokacin hutun ƙarshen mako. A ranakun Sallah kuwa, da wurin ke cika maƙil ba tare da talla ba, mai wuri ba shi da dalilin rage ko halala (kwabon riyal) ɗaya. Wanda ya zo maka da rabin farashi na ranar Sallah, tambayi kanka daga aljihun wa ragin ya fito.

Na uku shi ne mutum ɗaya da wayarsa. Ba shi da shago, ba shi da rajista, hoton tikiti kawai yake turowa, ya ce a tura kuɗi asusunsa. A cikinsu akwai mai gaskiya wanda ya saya tafiya ta fasa. Matsalar ita ce daga nesa ba ka da hanyar bambanta shi da ɗan damfara, domin maganarsu iri ɗaya ce.

Abin da ke faruwa a bakin ƙofa

Tikitin zamani ba takarda ba ne, lamba ce. Ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, wato lambar QR, shi ne tikitin. Ma'aikacin ƙofa yana haska shi da na'ura, na'urar ta tambayi kwamfutar wurin ko an taɓa shiga da wannan lamba. In ba a taɓa ba, ta buɗe, ta kuma rubuta cewa an yi amfani da ita. Daga wannan lokacin lambar ta mutu.

To, hoton lamba ɗaya ana iya tura wa mutum 10. Dukansu za su ga tikiti mai kyau a wayarsu, da sunan wuri da kwanan wata, kuma tikitin na gaske ne. Wanda ya riga isa ƙofa ya shige, sauran 9 na'ura ta nuna musu ja. Ma'aikacin ba zai iya yi maka komai ba, don a wurinsa mai tikitin yana ciki. Ga yara sun sha kwalliya, ga layi a bayanka ana jira ka matsa. A nan mutum yake sayen sabon tikiti a cikakken farashi, ya zama ya biya sau biyu. Saboda irin wannan ne wasu manhajoji suka mayar da lambar mai sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, ta yadda hotonta ba ya aiki sam. Duk tikitin da aka ce yana cikin manhaja, to sai an tura shi cikin asusunka na wannan manhajar, ka buɗe ka gan shi da idonka. Hoton fuskar waya ba tikiti ba ne.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa. Ɗan damfara ya sayi tikiti na gaske da katin bankin da ya sata, ya sayar maka da araha. Ka duba, komai daidai. Bayan kwana 2 ko 3 mai katin ya ga an taɓa masa kuɗi, ya kai ƙara banki, kamfani ya soke tikitin. Kai ba ka sani ba sai ranar zuwa. Wannan ne ya sa yake iya ba ka farashin da babu wakilin gaskiya da zai iya bayarwa: shi bai kashe komai ba.

Wani lokaci kuma babu sata ko ɗaya, tikitin ne bai dace da kai ba. Na ranar aiki ne ka zo da shi ranar Juma'a. Na yaro ne aka ba babba. Na kyauta ne da aka ba ma'aikatan wani kamfani, wanda sai an nuna katin aiki. Ko kuwa takardar shaida ce kawai, wadda sai ka bi layin taga an musanya maka da tikiti.

Karanta abin da aka rubuta

Kafin ka biya, nemi waɗannan kalmomi na Larabci a jikin tallar, ko ka sa ɗanka ya karanta maka da ƙarfi. "Dukhul faƙaɗ" na nufin shiga kawai. A wurare da yawa kuɗin shiga daban, kuɗin hawa kowane abin wasa daban, ta hanyar kati ko abin hannu da ake zuba wa kuɗi a ciki. Tikitin shiga mai araha ba ya rage maka komai a babban kashin kuɗin da za ka kashe. "Shamil al'ab" na nufin har da wasanni, amma duba ko duka ne ko 'yan kaɗan. "Gair ƙabila lil istirdad" na nufin ba a mayar da kuɗi, ko yaro ya kwana da zazzaɓi ko mai gida ya hana ka hutu ranar.

Duba kuma ko farashin ya haɗa da harajin kaya, wanda ya zama kashi 15 cikin 100 tun 1 ga Yuli 2020, da kuɗin hidima da ake ƙarawa a shafi na ƙarshe. In shafin na ƙasar waje ne yana lissafi da dala, dala 1 riyal 3.75 ce, kuma banki yakan ɗora nasa kuɗin canji a kai.

Sannan ka auna tsawon yaranka a gida da abin awo, cikin santimita. Manyan abubuwan hawa suna da iyakar tsawo, kuma ba a sassautawa. Ba ƙaramin takaici ba ne ka biya wa yarinya tikitin wasanni duka, a je a tarar uku kawai za ta iya hawa.

Mu yi lissafi

Waɗannan lambobi misali ne don koyon lissafin, ba farashin wani wuri ba ne. Iyali ne na mutum 6: uba, uwa, yara 4. Mai wuri yana sayar da tikiti riyal 150. Wakili yana tallar riyal 120.

A wurin mai wuri: 150 sau 6, riyal 900.
A wurin wakili: 120 sau 6, riyal 720.

Da alama an rage riyal 180. Amma a shafin biya sai aka ƙara kuɗin hidima riyal 10 a kan kowane tikiti, wato 60. Jimla ta koma 780, ragin ya dawo riyal 120. Har yanzu riba ce, ta isa abincin dare.

Yanzu a ce autan gidan bai kai shekara 2 ba, kuma malahin ba ya karɓar kuɗin shiga a kan irinsa, kamar yadda wurare da yawa suke yi. Wanda ya karanta sharuɗɗan mai wuri zai sayi tikiti 5 ne kawai: 150 sau 5, riyal 750. Wanda ya tafi kai tsaye wurin wakili ya sayi 6 ya biya 780, ya fi mai cikakken farashi kashe kuɗi da riyal 30, yana murna ya sami araha. Shi ya sa shafin mai wuri ake fara buɗewa, ko da ba a can za a saya ba. Shi kansa mai wurin yakan yi nasa rangwamen, na iyali, ko na Ranar Ƙasa 23 ga Satumba, ko na Ranar Kafuwa 22 ga Fabrairu. Wasu bankuna da kamfanonin waya ma suna da ragi ga masu hulɗa da su, a cikin manhajarsu.

Nisa ma yana shiga lissafi. Wanda ya taso daga Shara Mansur a Makka zuwa Kornish, in tikiti ya ƙi, ya yi asarar mai da yammaci ɗaya. Wanda ya kwashi iyali daga Jidda zuwa Riyad, tafiyar sama da kilomita 900, ya biya jirgi ko mai, ya kama masauki, bai kamata ya jingina duk wannan a kan tikitin da ya rage masa riyal 100 ba. A irin wannan tafiya shawararmu ɗaya ce, a saya a hannun mai wuri.

Yadda ake tantance wakili

Shagon intanet na gaskiya a Saudiyya yana nuna sijil tijari, wato lambar rajistar kasuwanci, da lambar haraji, galibi a ƙasan shafinsa. Kwafi lambar, ka bincika ta a shafin Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya ko na Ma'aikatar Kasuwanci, ka ga ko sunan ya yi daidai. Tambarin da aka manna a shafi ba hujja ba ne, kowa yana iya manna hoto. In kana da shakka, kira malahin da lambar da ke shafinsa, ka ce: "Kamfani kaza wakilinku ne?" Kiran minti 2 ne.

Rubuta adireshin shafin da hannunka, ko ka sauke manhajar daga ma'ajiyar wayarka. Kada ka bi adireshin da aka turo a saƙo. Shafukan bogi suna kwaikwayon launi da tambari tsaf, harafi ɗaya kawai suke sauyawa a sunan.

Wajen biya, bambancin yana da girma. Idan ka biya da kati a shafin kamfani, akwai rasit, akwai sunan ɗan kasuwa, kuma kana da damar shigar da ƙorafi a banki cewa ba a ba ka abin da ka saya ba. Idan ka tura kuɗi zuwa IBAN, wato lambar asusun banki, na wani mutum, kuɗin suna isa nan take, kuma da hannunka ka tura, dawo da su abu ne mai wuya. Kafin ka danna, manhajar banki takan nuna sunan mai asusun. Kamfani yana talla amma sunan mutum ya fito, tsaya nan.

Ga yadda maganar takan kasance:

"Alhaji, saura tikiti shida kacal, wani ma yana jira. Tura yanzu in ajiye maka."
"To, turo su cikin asusuna na manhajar in gani tukuna."
"Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne? Lamba za ta shigo wayarka yanzu, karanto mini ita in kammala maka."

Gaggawar da yake sa ka da gangan ce, don kada ka sami sararin tunani. Lambar da yake nema kuwa ita ce wadda banki ke turowa don tabbatar da cire kuɗi, kuma wanda ya same ta ya sami asusunka. Mai sayar da tikiti ba ya bukatar wannan lamba, ba ya bukatar lambar sirrin katin bankinka na mada, ba ya bukatar hoton igamarka (katin izinin zama), balle ka amince masa da wata bukata a manhajar Nafath, wadda gwamnati ke tabbatar da shaidar mutum da ita. Ko da Hausa ya yi maka magana, ko ya ce ɗan garinku ne, amsar ba ta sauyawa.

Idan an riga an cuce ka

Fara da banki, a cikin sa'ar. Kira lambar da ke bayan katinka, ka sa a rufe katin, ka faɗi lokacin da kuɗin suka fita da adadinsu. Kafin ɗan damfarar ya toshe ka ko ya goge saƙonni, ɗauki hoton hirar duka, da lambar wayarsa, da IBAN ɗin, da rasit. Kai rahoto ta manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. In shago ne mai rajista ya ƙi cika alkawari, Ma'aikatar Kasuwanci ke da hurumi, a lamba 1900 ko manhajar Balag Tijari. Saƙon damfara da ya shigo ta waya ana tura shi zuwa 330330. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 2 ga mai karɓar dukiyar mutane da yaudara ta wannan hanya, don haka kada ka raina ƙararka saboda kuɗin kaɗan ne. Wanda ya karɓi riyal 300 a hannunka ya karɓa a hannun wasu da yawa.

Ga matasanmu kuma, musamman masu neman abin sawa a aljihu lokacin hutu: in wani ya ce ka ba shi aron asusunka a riƙa turo kuɗin tikiti, ya ba ka kamasho, kada ka yarda. Ranar da masu ƙara suka taru, sunan da ke jikin IBAN ɗin shi hukuma za ta nema, shi kuwa mai tallar ya sauya layi.

Aikin aji

Tikitin mai wuri riyal 95 ne, ba a mayar da kuɗi amma ana iya sauya rana. Na wakili riyal 80 ne, da kuɗin hidima riyal 7 a kan kowanne, ba a sauya rana. Ku lissafa abin da iyali na mutum 5 za su biya a kowane ɓangare, ku fitar da bambancin. Sannan kowa ya buɗe wata tallar tikiti da ta shigo wayarsa, ya nemo sijil tijari na mai tallar, ya kawo wa malami abin da ya gani a darasi na gaba.