Yadda ake goge folda mai baƙon suna a Linux

Folda mai ɗauke da alama irin su *, $, ~ ko sarari a sunanta kan gagari rm, umarnin goge fayiloli, domin tasha (terminal, inda ake rubuta umarni) tana fassara alamar tun kafin rm ya gan ta.

Da farko rubuta `ls -lb` ka ga ainihin sunan, har da haruffan da ke ɓoye. Sai ka saka shi tsakanin alamomin zance guda-guda (' '): `rm -r 'kaya $2'`. Ko ka rubuta farkon sunan ka danna Tab, tashar ta ƙarasa maka.

In sunan ya fara da karan ɗori, rm zai ɗauka zaɓi ne kake ba shi. Sa `./` a gaba: `rm -r ./-tsoho`.

Ka yi hattara sosai da folda mai suna ~. Idan ka rubuta `rm -r ~`, duk fayilolinka na gida za su tafi, kuma rm ba shi da kwandon shara. Rubuta `rm -ri ./~`, zai riƙa tambayarka kafin ya goge komai.

In sunan ya ƙi rubutuwa sam, nemi lambar foldar da `ls -i`, sannan ka sa ta a gurbin LAMBA:

`find . -maxdepth 1 -inum LAMBA -exec rm -ri {} +`