Kurakuran da aka fi yi wajen cin wainar ƙwai da safe a ƙaramin gidan abinci na bakin teku

Wainar ƙwai abinci ce mai gajeren rai. Daga fasa ƙwai zuwa juye ta a faranti bai fi minti biyu ko uku ba, daɗinta kuma ba ya jiran kowa. A irin gidan abincin nan na unguwa, inda uba ke gaban kasko, uwa ke karɓar kuɗi, 'ya'ya ke kai faranti, yawancin abin da ke ɓata wa mutum karin kumallo daga wajensa yake fitowa: ko bai yi magana ba kafin a fasa ƙwan, ko ya yi jinkiri bayan an kawo.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya ce a ba shi wainar ƙwai kawai, ya koma ya zauna. Ai wainar ba iri ɗaya ba ce. Ta Faransa ana naɗe ta ne, a bar cikinta da laushi, kusan da ɗan ruwa-ruwa. Ta Sifaniya kuwa mai kauri ce, da dankali, sau da yawa har da albasa, a yanka ta gunduwa-gunduwa. A Amurka an fi yin ta da ƙwai uku, a zuba kayan haɗi a tsakiya a ninke. Mai suya zai yi maka wadda hannunsa ya saba, in ba ka faɗa ba. Gyaran mai sauƙi ne: ka faɗi ƙwai nawa, ka faɗi yadda kake son cikinta. Farin ƙwai yana fara kamawa ne wajen digiri 62 a ma'aunin Selshiyas, gwaiduwa kuma daga 65 zuwa 70, don haka tsakanin mai laushi da nunanniya 'yan daƙiƙu ne kawai. Mai juna biyu, da tsofaffi, da ƙananan yara, da wanda ciwo ya raunana jikinsa, su nemi wadda ta nuna har ciki, domin sai wajen digiri 71 ake samun kwanciyar hankali game da ƙwayar cutar salmonela. Sai dai kada a ce "a soya sosai" a yi shiru. Wannan maganar ita ke jawo waina mai ƙauri, mai tauri kamar roba. Ka ce ta nuna har ciki amma kada bayanta ya ƙone, a rage wuta. Mai suya zai gane.

Sai lodin kayan haɗi. Ido ya ga jerin abubuwa, rai ya ce a sa duka. Tumatir da alayyafo da naman kaza, wato laimar kwaɗi, duk ruwa ne a jikinsu. Da sun ji zafi sai su sake shi, wainar ta jiƙe ta ƙi naɗuwa, ƙasan faranti ya kwanta da ruwa. Abu biyu, in ya yi yawa uku, sun isa, kuma ka roƙa a ɗan soya su daban kafin a zuba ƙwan.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne batun kayan teku. Ganin ruwa ta taga ba ya nufin kifin da ke kicin na yau ne. Ranar da iska ta yi ƙarfi masunta ba sa fita, akwai kuma watannin da ake hana kamun wasu nau'o'i don su hayayyafa. Gidan abinci da yawa na bakin teku suna sayen jatan lande mai ƙanƙara kamar kowa, kuma wannan ba aibi ba ne muddin an adana shi da kyau. Aibin shi ne ka biya kuɗin sabon kamu ka ci na makon jiya. Matambayi ba ya ɓata: ka tambayi abin da ya shigo yau. A gidan da iyali ke riƙe da shi, wanda kake tambaya sau da yawa shi ne ya je sayayyar da asuba, zai kuma gaya maka gaskiya, don gobe ma yana son ganinka. Hanci ma alƙali ne. Sabon kifi ƙamshin ruwan teku yake yi, ƙarni mai hawa kai kuwa alamar ya kwana biyu ne. Jatan lande da naman ƙaguwa ana dafa su ne tukuna, domin minti biyun da ƙwai ke yi a kasko ba lallai ya ishe su ba.

A nan ne kuma ake yin kuskuren da zai iya kai mutum asibiti. Ƙaramin kicin kasko ɗaya ko biyu gare shi, kuma a kansu ake soya komai. Wanda jatan lande ko ƙaguwa ke tayar masa da borin jini ko toshewar numfashi, ɗan abin da ya rage a kasko ya ishe shi wahala. Haka wanda ba ya cin naman alade: a ƙasashe da dama yana cikin kayan haɗin waina da aka fi sa wa, kuma a kitsensa ake yin suyar wani lokaci. Cire naman daga faranti bai wadatar ba. Ka faɗa tun kafin a ɗora, ka nemi a wanke kasko a sa sabon mai ko man shanu.

Gishiri kuwa, ɗanɗana tukuna. Cuku da bandadden kifi da gishirinsu suke zuwa.

Bayan faranti ya iso, abokin gaba shi ne lokaci. Zama a waje yana da daɗi, amma iskar teku tana sanyaya waina nan da nan, ƙwai kuma da ya huce sai ƙarninsa ya taso. In kana son kallon ruwa, zaɓi kujerar da bango ya kare, ko ka ci a ciki ka fita da shayinka. Kada a tsaya jiran na kowa ya iso. Ku yi shawara tun farko cewa wanda aka kawo wa ya fara. Ƙunshe ta a tafi da ita ma asara ce, domin tururi yana ci gaba da dafa ta a cikin mazubi har ta saki ruwa.

Mutane shida su shigo da hantsin ranar hutu, kowa da irin tasa, sannan a fara duba agogo, wannan rashin adalci ne ga mai suya ɗaya da ke yin su ɗaya bayan ɗaya. A zo da wuri, ko a haɗa baki a kan iri biyu. A tambayi lokacin rufe karin kumallo, don a garuruwan bakin teku yakan canja idan lokacin baƙi ya wuce, a kuma riƙe tsabar kuɗi don ƙila ba sa karɓar kati. In wainar ba ta yi maka ba, faɗa a lomar farko, cikin ladabi, ga wanda ya kawo ta. A lokacin kasko yana da zafi, kuma sake wata minti uku ne.