Yadda Ake Shirya Sansanin Atisayen Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa Ga Ɗalibai

Yawancin malaman da ake ɗora wa shirya wasan kwaikwayo mai waƙa na ranar rabon kyaututtuka a makarantun Kaduna wuri ɗaya suke tuntuɓe. Yara sun haddace waƙa, sun haddace magana, rawa ma ta zauna, amma ranar wasa da an zo inda magana za ta ƙare waƙa ta tashi sai dandamali ya yi tsit, yaro yana kallon makaɗi, makaɗi yana kallon Malam. Don gyara wannan gaɓar ake tara yara a sansani.

Fara da lokaci. Idan wasan na ƙarshen zango na uku ne, hutun Afrilu kake da shi. Kwana 5 sun isa, jeka-ka-dawo, daga ƙarfe 8 na safe zuwa azahar, tunda zafin Afrilu ba ya barin yaro ya yi rawa da rana tsaka. Kwanan makaranta ba na ba da shawararsa: kuɗin abinci zai ninka, ga nauyin tsaron 'ya'yan mutane da dare. Duba kalanda kada ka faɗa cikin azumi ko Ista, ka bar Juma'a da Lahadi, domin a aji ɗaya kana da ɗan Tudun Wada da ɗan Barnawa. Kada ka ba ɗan SS3 babban matsayi a wasan komai daɗin muryarsa, WAEC da NECO za su ɗauke maka shi.

Sai iyaye. Aika takarda da sa hannun firinsifal, ka rubuta labarin wasan a taƙaice, ka faɗa ƙarara ko akwai rawa, ko maza da mata za su tsaya tare, da wace malama za ta kasance da 'yan mata. Uban da ya ji labarin rawa daga bakin maƙwabci zai janye 'yarsa ana saura kwana biyu, kuma yana da gaskiya.

Mako biyu kafin sansani, ɗauki waƙoƙin a waya, muryar jagora daban, amshi daban, ka tura wa iyaye ta WhatsApp. Wanda ba wayar a gidansu a ba shi a rubuce, a haɗa shi da abokin unguwarsu. Duk wanda ya zo ranar farko bai iya amshi ba, ya cinye wa sauran lokaci.

Yanzu ga ainihin aikin. Sabon shiga yakan raba yara gida uku, masu waƙa a wannan aji, masu magana a wancan, masu rawa a ƙarƙashin bishiya, da niyyar a haɗa su ranar ƙarshe. Kada ka yi haka. Rabuwar ta tsaya a ranar farko kawai. Daga safiyar rana ta biyu kowa ya hau dandamali ɗaya, makaɗa ma suna wurin, ko kalangu ne ko piyano.

Ɗauki rubutun wasan ka ja layi a ƙarƙashin jumlar ƙarshe da ake faɗi kafin kowace waƙa. Wannan jumlar ita ce alamar makaɗi, kuma ba a canza ko kalma ɗaya a cikinta. Yara suna son ƙara gishiri a magana, a bar su su ƙara ko'ina ban da nan. Makaɗi ya haddace jumlolin kamar yadda ɗan wasa ya haddace su. Daga nan a riƙa maimaita guntun nan kaɗai: jumla uku kafin waƙa, shigar kiɗa, baitin farko, a tsaya. A sake. Ba sai an rera waƙar har ƙarshe ba, sun riga sun iya ta. Haka kuma ƙarshen waƙa: baitin ƙarshe, kiɗa ya mutu, wa zai fara magana, yana tsaye a ina, fuskarsa na kallon wa. Na sha ganin yarinya ta gama waƙa da rawa tana haki, ga shi ita ce da magana ta gaba, kalma ta ƙi fita. Maganinsa shi ne a ba wani ɗan wasa jumla ɗaya ko biyu a tsakani, ta samu ta ja numfashi.

Kiɗa ya fara a hankali tun ana cikin jumlar ƙarshe, yadda kafin a rufe baki ya riga ya shiga kunnen mai waƙa ya ba shi muryar da zai ɗauka. Yaran da suka taso suna tashe da azumi sun san wannan ko ba a faɗa musu ba, domin a tashe magana da waƙa da kiɗan gwangwani tafe suke tare. Nemo irinsu ka sa su gaban 'yan amshi.

Zana wa kowa wurin tsayuwarsa da alli a ƙasa. Idan ɗakin taron da za a yi wasan ba ya samuwa, auna faɗin dandamalinsa da igiya ka zana daidai shi a aji. Kiɗan da aka ɗauka a waya yana da arha, amma ba ya jiran yaron da ya makara, kuma ranar da aka ɗauke wuta ka shiga uku. Makaɗi mai rai ya fi, ko da tsohon ɗalibi ne da za ka biya wa kuɗin keke napep.

Murya kuma a tattala ta. Wajen maimaita gaɓoɓin nan a rera da rabin murya, cikakkiya sau ɗaya a yini. Ruwa ya wadata, kowa da gorarsa. Wanda muryarsa ta dishe ya yi shiru yinin nan gaba ɗaya, ya bi wasan da jiki kawai, mataimakinsa, wato yaron da ya haddace matsayin don ya maye gurbinsa, ya rera. Kowane babban matsayi da mataimaki, wannan ba abin tattaunawa ba ne.

Kayan sawa kada su ci maka lokaci. Rawani da zani da babbar riga a aro daga gida, abin da ya rage a leƙa Kasuwar Barci. A sa su a rana ta huɗu ta sansanin don a gane wanda ke harɗe ƙafa wajen rawa. Janareto da lasifika a kunna su ranar ƙarshe kawai saboda tsadar fetur, a yi wasan daga farko har ƙarshe sau biyu ba tsayawa, ko an yi kuskure a wuce. Bayan an koma makaranta a riƙa maimaita gaɓoɓin sau ɗaya a mako har ranar wasa.