Yadda ake zaɓen fankar akwatin kwamfuta don iska ta ratsa sosai

Aikin fankokin da ke jikin akwatin kwamfutar tebur shi ne su fitar da iskar da furosesa da katin hoto suka ɗumama, su shigo da sabuwa. Idan iskar ba ta da hanyar da za ta bi daga gaba ta fice ta baya, ko fanka goma ka jera zafin yana nan a ciki yana kewayawa. Saboda haka kafin ka shiga kasuwa, akwatin za ka fara dubawa.

Fara da gwaji. Kunna aiki mai nauyi na minti 20, ka duba zafin furosesa da na katin hoto da manhaja irin HWiNFO. Sai ka cire murfin gefe ka maimaita. In zafin ya sauka da digiri 5 ko fiye, iska ce ke yi wa akwatin ƙaranci, ƙarin fanka zai yi amfani. In bai motsa ba, matsalar tana wani wurin, wataƙila man da ke tsakanin furosesa da masanyayinta ne ya bushe.

Daga nan sai awo. Fankokin da aka fi samu su ne masu milimita 120 da 140, tsofaffin akwatuna kuma suna ɗaukar 80 ko 92. Auna tazarar ramukan sukuru biyu da ke gefe ɗaya: milimita 105 na nufin gurbin 120 ne, kusan 125 kuma na 140. Kaurin da aka saba shi ne milimita 25, akwai sirara masu 15 don wuri mai matsi. Duk gurbin da zai ɗauki girma biyu, ka zaɓi babbar, domin 140 tana tura iskar da 120 ke turawa ba tare da ta yi gudu irin nata ba, ƙararta kuma ba ta kai ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne nau'in fankar. A jikin kwali za ka ga lambobi biyu. CFM yana nuna yawan iskar da take turawa idan babu abin da ya tare ta. Ɗayar, wadda ake rubutawa da mmH2O, ƙarfin turi ce, wato iya kutsawarta idan akwai cikas a gabanta. Kamfani yana auna kowacce ita kaɗai ne, ta farko a fili, ta biyu an toshe hanya gaba ɗaya, kuma a cikin akwati ba ɗaya daga cikin biyun da ke faruwa. Shi ya sa fanka mai CFM babba take iya zama ba komai ba da zarar an ɗaura ta a bayan matatar ƙura. Dubi gurbin da za ta zauna. In akwai raga mai ƙananan ramuka, ko matata, ko lagireton masanyayin ruwa, ko gilashin da ya bar 'yar kafa a gefe, nemi mai ƙarfin turi. Za ka gane ta da faffaɗan fukafukai da suka matsu da juna, irin Arctic P12. Gurbin baya ba shi da cikas sosai, mai yawan iska ta ishe shi. Noctua NF-A12x25 tana yin duka biyun, sai dai tsadarta ba wasa ba.

Akwatin da aka rufe gabansa ruf da gilashi kyau kawai gare shi. Fanka mai araha a bayan raga ta fi mai tsada a bayan gilashi.

Duba boris ma. Mafi araha shi ne wanda sandar ke juyawa a cikin ɗan bututu mai mai. Zafi yana busar da man, kuma in aka kwantar da fankar a rufin akwati ba ta daɗewa take fara gurnani. Mai ƙwallaye yana jure zafi da kowane irin zama, amma yana da ɗan ƙara. Wanda aka rubuta wa FDB, wato wanda sandarsa ke shawagi a kan mai, shi ya fi dacewa da yawancin mutane, ga shiru ga ƙarko.

Sai jeri. Gaba da ƙasa su shigo da iska, baya da sama su fitar. Biyu a gaba da ɗaya a baya sun ishi yawancin kwamfutoci, ribar ta huɗu da ta biyar kaɗan ce. In za ka sa a rufi, sa ta can baya kusa da furosesa. Wadda aka ɗaura a rufi ta wajen gaba tana zuƙe sabuwar iskar ta fitar tun ba ta kai ko'ina ba. Iska tana fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe injin, fankoki da yawa kuma suna da kibiya a gefe. Bayan ka ɗaura, kanga 'yar takarda mara nauyi ka ga ko ana janta ko ana tura ta.

Ka tabbata iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa. Idan haka ne, rarar za ta riƙa fita ta kowace kafa, ƙura kuma sai ta bi ta matata kafin ta shiga. In masu fitarwa suka rinjaya, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta ramukan da ba su da matata. Ga wanda ke zaune inda hazon hunturu ke sauka, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen jona waya, fanka mai fil uku da rage ƙarfin wuta ake rage gudunta, in aka rage da yawa sai ta tsaya. Mai fil huɗu, wato PWM, tana samun bolt 12 kullum, fil na huɗun ne ke ba ta umarni, don haka tana iya tafiya a hankali sosai. Mai fil uku tana shiga gurbin fil huɗu, amma sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ka mayar da gurbin kan DC, wato tsarin rage ƙarfin wuta, in ba haka ba, za ta yi ta gudu iya ƙarfinta. Gurabun madabod, wato babban allon da ake jona komai a jikinsa, masu suna SYS_FAN ko CHA_FAN galibi amfiya 1 suke ɗauka. Tara amfiyar da aka rubuta a bayan kowace fanka kafin ka haɗa su a gurbi ɗaya. In sun kusa cika ta, sayi marabar jona fankoki da yawa da ke jan wuta ta igiyar SATA, irin wadda ke kai wa faifan ajiya wuta. Masu fitilu kuma a kula, wayar fitilun iri biyu ce: ARGB bolt 5 ce mai fil uku, RGB bolt 12 mai fil huɗu, kuma jona ta bolt 5 a gurbin bolt 12 yana ƙona fitilun.

A BIOS ɗin ka tsara gudu: kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari idan furosesa tana ƙasa da digiri 50, ya riƙa hawa har ya cika wajen digiri 80. In madabod ɗin tana da saitin jinkiri, ƙara daƙiƙu kaɗan don kada fankokin su riƙa tashi suna sauka duk lokacin da ka buɗe manhaja. Fanka dai ba ta sanyaya akwati ƙasa da zafin ɗaki. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, dole ka ɗaga gudun ka haƙura da ƙarar, ka kuma janye akwatin daga jikin bango.

Matata kuwa a wanke ta duk mako biyu a lokacin ƙura, ta bushe sarai kafin a mayar. In za ka hura akwatin da bulowa, zare wuta tukuna, ka danne fukafukan da yatsa, domin juyawar da ta wuce ƙima tana lalata boris.