Yadda za ka tayar da tsohuwar Chevelle a garejin gidanka

Toh 'yan'uwa, musamman waɗanda ke zaune a Amurka kuma Allah Ya hore musu gida mai gareji, ga bayani kan tayar da tsofaffin motocin nan masu ƙaton inji V8 da aka yi yayinsu daga 1964 lokacin da Pontiac ta fito da GTO har zuwa farkon shekarun 1970 da dokar hayaƙi da tsadar inshora da matsalar man fetur ta 1973 suka kashe kasuwarsu. Zan ɗauki Chevrolet Chevelle ta 1968 zuwa 1972 a matsayin misali don ita ce na fi ba sabon shiga shawara ya fara da ita, bodinta daban shasi daban, ana iya raba su, kuma kusan duk wani abu nata ana ƙera sabo har yau, kamfanoni irin su OPGI da Year One da Auto Metal Direct suna sayar da komai tun daga ƙasan mota har robar gilashi. Kuma ƙashin bayanta, wato shasinta, ɗaya da GTO da Oldsmobile Cutlass da Buick Skylark na waɗannan shekarun, kaga kayan ƙafa da yawa suna shiga juna.

Abu na farko, bodi za ka saya, inji ba shi ne abin dubawa ba. Injin 350 na Chevrolet (lambar girman injin ce, ana auna ta da inci kubik) ya cika ko'ina a Amurka, ko ya buga ko ya cije za ka samu wani cikin sauƙi, amma tsatsa ita ce ke cinye kuɗi da shekaru. Motar da ta yi rayuwarta a Michigan ko Ohio ko New York inda ake zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, sai ka ga fenti na sheƙi amma ƙasa ya zama gari. Ta Arizona ko kudancin California rana ce kawai ta ƙona mata kujeru da dashbod, wannan kuwa gyaransa ba wuya. Ka je da tocila da maganaɗisu da sukundireba. Ka bi ƙasan fendoji da gefen baya da maganaɗisun, duk inda ya ƙi kamawa to bodi fila ce aka cika wurin da ita aka shafe da fenti. Ka ɗaga kafet ka duba ƙasa, ka buɗe but ka duba ƙasansa, sannan ka duba kewayen gilashin baya da kyau, nan ne ciwon Chevelle, ruwa na kwanciya a lungun ya ci ƙarfen ya riƙa zuba cikin but shekara da shekaru. In mai rufin leda ce ka danna da yatsa, in ka ji ƙuraje a ƙarƙashi tsatsa ce. Sai ka kwanta ka caccaki shasi da sukundireba, musamman wajen tayoyin baya da wuraren da bodi ke zama a kai. In sukundireba ta nutse a shasi, dan Allah ka yi wa mai motar godiya ka tafi.

Takarda kuma ba wasa. Kar ka ba da ko sisi sai ka ga takardar mallaka da sunan mai sayarwa, kuma lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda ke kan dashbod ta gefen direba. Sai maganar SS, wato Super Sport, samfurin Chevelle mai ƙarfi da tsada, a nan ake cutar mutane sosai. Daga 1966 zuwa 1968 lambar mota mai ƙofa biyu in ta fara da 138 to SS 396 ce ta gaske, amma daga 1969 SS ta koma ƙarin kaya da ake zaɓa a kan Malibu, wato samfurin Chevelle na yau da kullum, lambar ba ta nuna ta, don haka kowa na iya sayo tambarin SS da bonet ya ɗaura ya ninka kuɗi. Abin da ke tabbatarwa shi ne takardar haɗi ta masana'anta da ma'aikata kan cusa a cikin sifirin ɗin kujerar baya ko saman tankin mai ko bayan marfin ƙofa, da kuma lambar da aka buga a gaban bulok ɗin inji ta gefen fasinja. Ni a ganina mai aikin farko ya nemi Malibu mai 307 ko 350 kawai. Ita SS 454 ta 1970 mai injin LS6 da aka rubuta wa ƙarfin doki 450, kuɗinta ya wuce a koyi walda a jikinta.

Kafin motar ta iso ka shirya garejin. Sifanu da soket na inci za ka saya, domin duk notin motar nan inci ne, rabin inci da 9/16 su za ka fi ɗauka, wanda ya saba da lamba 10 da 12 da 14 na Toyota in ya matsa da su zai murje kan notin ne kawai. Sai jak mai ƙarfi da ƙafafun tokare mota guda huɗu, kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko kan bulo, motar nan ta haura tan ɗaya da rabi. Abin kashe gobara a bakin ƙofa. Littafin gyara na masana'anta da littafin haɗi na shekarar motarka, ana sake buga su, a ciki za ka ga inda kowace waya ta bi da irin ɗaurin da kowane noti ke so.

Yanzu ga maganar da na fi so a ji. Kar ka wargaza motar gaba ɗaya a makon farko. Na san zumuɗi, na san hannu na ƙaiƙayi, amma shiga Craigslist ko Facebook Marketplace ka ga yawan motocin da ake sayarwa a cikin kwalaye, mai ita ya kwance komai cikin wata guda sannan aiki ya yi masa yawa, kuɗi ya tsaya, yara suka girma, ya manta wane noti ne na ina. Ka fara da sa ta ta tashi, ta yi tafiya, ta tsaya. In tana motsi ko zagayen unguwa ne zuciyarka ba za ta mutu a kan aikin ba, kuma a nan ne za ka san giya na shiga ko ba ta shiga, inji na hayaƙi ko lafiya lau yake.

In ta daɗe a ajiye kar ka murza makulli tukuna. Cire fulogai takwas ɗin, zuba ɗan mai a kowane silinda ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka sa soket a notin gaban kiranshaf ka juya da hannu. In ya juya, alhamdulillahi. Juye tsohon baƙin mai, canza filta, sauke tanki ka wanke ko ka sayi sabo don tsohon fetur yana zama kamar danƙo ya toshe komai. Duk wani tiyon roba na mai ka canza shi, fetur ɗin Amurka na yanzu yawanci akwai ethanol kashi 10 a ciki kuma yana cin tsohuwar roba, tiyo ya tsage a kan inji mai zafi shikenan mota ta tafi har da garejin. Kafireta yawanci Rochester ce, ana sayar da kayan gyaranta a ƙaramin kwali, ka kwance ta a kan tebur kana ɗaukar hoto mataki mataki. Wayoyin fulogi a jere suke 1-8-4-3-6-5-7-2 kuma distiributa na juyawa irin na agogo, kwantak ɗinta akwai wata 'yar taga a jikin marfin da ake zura alanki a daidaita shi har mitar auna kwantak (dwell) ta nuna digiri 30 inji na aiki. Da ta tashi ka gwada matsin kowane silinda, lambar kanta ba ta kai muhimmancin su zo kusa da juna ba.

Birki kafin ka fita titi, ba bayan ka fita ba. Masta, bututan ƙarfe, tiyo, duka sabbi. Malibu da yawa duram ne gaba da baya, kuma gaskiya duram huɗu a cunkoson yau ba ya isa, a mayar da gaba zuwa diski, kayan na nan a haɗe. Kar ka busa ƙurar tsohon birki da iska, tsofaffin takalman birki na iya zama da asbestos, jiƙa ta ka goge. Taya ko zanenta sabo ne in ta shekara goma ka jefar. Sifirin na gaba kuma kisa yake yi in ya ƙwace, sai da abin matse shi na gaske za ka cire boljoyin.

Sai ka tuƙa ta na ɗan lokaci, ka rubuta duk abin da ka ji, daga nan ka shiga aikin bodi wanda shi ne dogon zango. Duk abin da ka cire ka ɗauki hotonsa kafin da bayan, notinsa a leda ka rubuta suna da alƙalami mai kauri, har ƙananan ƙarafan da aka cusa a bayan fenda don daidaita tsaga ka ƙirga su ka rubuta guda nawa a wane wuri. Kar ka zubar da tsohon abu sai sabon ya shiga ya zauna, sabbin kayan da ake ƙerawa yanzu ba duka ke zama daidai ba, wani lokaci tsohon kurom da aka goge ya fi sabo kyau nesa ba kusa ba.

Tsatsa yanke ta ake yi har sai an kai ƙarfe mai lafiya, shafa mata fila yaudarar kai ne, za ta dawo. Injin walda na MIG da siririyar waya mai kaurin inci 0.023 da gas mai argon 75 da 25 na carbon dioxide ya ishe ka. Ƙarfen bodi siriri ne, in ka ja walda doguwa zafi zai lanƙwasa shi ya yi tudu da kwari, don haka ɗigo ɗigo za ka yi, ɗaya nan ɗaya can nesa, ka bari ya huce ka dawo, har ɗigon su haɗu. Ka yi ta gwaji a kan tarkacen ƙarfe tukuna. Fara da ƙasan mota da ƙasan but inda kafet zai rufe, hannunka zai faɗa kafin ka kai gefen baya da kowa ke gani. Ƙasan da sauran gyaran ƙarfe ka yi su bodi na kan shasi, ƙofofi na rataye, don su ne ma'auninka, in tsagar ƙofa ta canza ka san wani abu ya motsa. In har za ka ɗaga bodin don gyara shasi da canza robobin da yake zama a kai, ka fara walda ƙarafan tokare a cikin bakin ƙofofi, musamman mai buɗaɗɗen rufi, in ba haka ba zai lotse. Kuma tanki ya bar garejin kafin tartsatsi na farko. Wurin haɗin rufi da gefen baya dalma aka cika a masana'anta, in za ka goge wurin sa abin rufe hanci na ƙwarai.

Ƙarfe da zarar ya fito tsirara ka rufe shi da firaima ta epoxy a ranar, fila sai siririya don gyara fuska. Gogewa da dogon katako mai sanfefa ita ce ke sa gefen mota ya miƙe, aiki ne mai cin rai amma kai za ka iya, kuma nan ne kuɗin mai fenti ya fi tafiya. Feshin ƙarshe kuwa ni dai shawarata a kai wa masu ɗakin fenti. Fentin zamani mai haɗi biyu akwai isocyanate a ciki da ke lalata huhu, garejin da ke manne da ɗakin iyali ba wurin fesa shi ba ne, ga ƙura ga ƙorafin maƙwabta.

Inji in za a sauke a yi masa aiki, gundura silinda da gyaran kiranshaf na masu injin aunawa ne, haɗawa kuma za ka iya a gida da sifana mai auna ɗauri da tsabta. Ka ce su sa wa kan silinda mazaunin bawul mai tauri, don an ƙera injinan nan ne lokacin fetur mai dalma, wanda Amurka ta hana sayarwa ga motocin titi tun 1996. Tashin farko bayan sabon kamshaf shi ne mafi haɗari, kam ɗin tsofaffin injinan nan yana son baƙin mai mai sinadarin zinc da yawa wanda aka rage a man zamani, ka sayi man da aka yi don wannan aikin, kuma da ya tashi kar ka bar shi a silo, riƙe shi wajen juyi 2000 zuwa 2500 a minti ɗaya, har tsawon minti 20 zuwa 30 kana ɗan sassauta totur kana ƙarawa, wani na tsaye yana duba zafi da yoyo, ƙofar gareji a wangale saboda hayaƙin salansa.

Wayarin na shekara hamsin ya bushe ya sha yanka da ɗauri a hannun mutane da yawa, sayi sabon saiti na shekarar motarka ka bi littafi, ka tabbatar wayoyin at (earth) na tsakanin inji da bodi da shasi suna kan ƙarfe mai tsabta don rabin matsalar wutar tsofaffin motoci daga nan take. Robobin ƙofa da gilashi, rufin ciki, kafet, kujeru, su ne na ƙarshe, bayan ka watsa wa motar ruwa da tiyo ka zauna a ciki ka tabbatar gilashin bayan nan ya daina yoyo.